Hannun Kawu da Baƙar Ƙasa

Kawu, ƙanen mahaifiyata, direban tifa ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa na dama da haske ba. Daga yatsu zuwa gwiwar hannu baƙi ƙirin, ga maiƙo. Inna, matarsa, ta gwada kowane irin sabulu har ta haƙura.

A masana'antar tace man girki yake ɗaukar kaya. Akwai wata farar ƙasa mai laushi da ake zubawa cikin ɗanyen mai don ta tsotse launi da datti. In ta gama aiki sai ta fito baƙa, sharkaf da mai, ba mai sonta, sai a biya Kawu ya kai ta juji. Aibinta ɗaya: in ta daɗe a tsibe takan yi zafi daga ciki har ta kama da wuta ba ashana. Shi ya sa kafin ya tada mota yake hawa baya, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin kayan. In ɗumi ne kawai, ya kama hanya. In zafi ya cije shi, sai an baje an yayyafa ruwa.

Wata rana a juji ya tarar da tsibin jiya yana ci da wuta, abin ya ba shi haushi: wuta kyauta, ko tukunya babu a kai. Ya kai wa abokinsa mai gasa bulo baƙar ƙasar ya gwada a murhunsa. Daga nan tifa ta manta hanyar juji. Masana'anta ta biya shi ya ɗauka, Mai Bulo ya biya shi ya sauke, don ta fi itace araha nesa ba kusa ba. Da wannan aka sake rufin gida, yara suka shiga makaranta.

Sai dai Allah ya ba Kawu zuciya mai kyau, ya hana shi riƙe baki. Da ya ji masana'anta za ta gina sabon sito, shi da kansa ya ja manaja har wurin abokinsa, wai a yi cinikin da na gida. Manaja ya ƙwanƙwasa bulo ya yaba, sannan ya duba ko'ina bai ga itace ba.

"Malam, da me kuke gasawa?"

Mai Bulo ya sunkuyar da kai. Kawu ne ya amsa, har da murmushi: "Ranka ya daɗe, ai sharar gidanka ce!"

Manaja ya daɗe tsaye a bakin murhun. A can masana'anta, tukunyar da ke ba injuna tururi baƙin mai take sha, kuma saye ake yi. Bulon dai an saya, amma ba sito aka gina da shi ba. Sabon murhu aka yi wa tukunyar, mai cin baƙar ƙasa.

"Malam, bakinka ya fi ƙasar nan saurin kamawa," in ji Inna da Kawu ya dawo gida. Ni kuwa manajan na yi fushi da shi, ko da yake in gaskiya za a faɗa, ko ni ce haka zan yi.

Mai Bulo ya koma sayen itace. Kawu ba a sallame shi ba, an bar masa kwashe toka jefi-jefi, ita kuwa ba mai biya a sauke masa. Har ya fara sauraron masu taya tifar, abin da ya fi komai ɗaga min hankali.

Kwanan baya na raka shi ɗaukar toka. Da aka gama lodi sai ya hau baya, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu.

"Kawu, toka ce fa, ba ta kamawa."

"Na sani, 'yata."

Ya bar hannun a ciki na ɗan lokaci. Da ya zaro shi, fari fat har gwiwar hannu. Ya jujjuya shi yana kallo.

"To, Innarki za ta ji daɗi," in ji shi. "Yau dai ya yi haske."