Ranar da Na Kai Su Badar Maimakon Teku

Ni ne na yi kuskure. Na daɗe ina ɗora laifin a kan cunkoson manyan motoci a hanyar Yanbu, wani lokaci in ce masu jirgin ne ba su da haƙuri. Ba gaskiya ba ne.

Shekarar da 'yata ta gama sanawiyya, wato sakandare, mun riga mun bar Karantina, unguwarmu a Jidda. An rushe unguwar, mu muka samu ɗakuna biyu a Sa'alaba, wasu suka koma Sharafiyya, wasu suka bar ƙasar baki ɗaya. 'Yan matan da suka taso a lungu ɗaya, makaranta kaɗai ta rage tana haɗa su, ita ma ga shi ta ƙare. Sai malamarsu, wadda suke kira Abla, ta kawo shawarar su yi bankwana a cikin jirgin ruwan nan na shaƙatawa da ke tashi daga tashar Jidda. 'Yan kwanaki ne a Bahar Maliya, ba a fita ƙasa, jirgin zai yini a Yanbu sannan ya juyo. Iyaye mata suka yi ta tara kuɗin tun farkon shekara.

Aikina tuƙa bas ƙirar kosta, ina ɗaukar masu Umara tsakanin Jidda da Makka da Madina. Shi ya sa aka ɗora mini shirya yinin Yanbu. Zan bi ta ƙasa da mota, in tarbe su a tasha, in kai su inda suka zaɓa, in mayar da su. Kafilina, ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya yarda ya ba ni motar.

Abin da suka zaɓa shi ne teku. Akwai wata mata a Yanbu mai ƙaramin jirgi, mata zalla take ɗauka, ta kai su inda ruwa bai da zurfi, ta ba su rigar da ke hana nutsewa da gilashin ido, su ga kifi da murjani. 'Yata ce ta samo ta, saboda ƙawarta. Ƙawar nan 'yar mutanen Cadi ce, a Karantina aka haife ta, kuma babanta ya riga ya yanke cewa za su koma gida bayan jarrabawa.

"Baba, tun da aka haife ta take kallon bahar daga titin Kornish, ko ƙafarta ba ta taɓa sawa ba," in ji 'yata. "Can inda za su babu bahar. Na yi mata alkawari tare za mu shiga. Ka kira matar nan, Allah yikhallik, don Allah, kada wasu su riga mu."

Na ce mata an gama.

Na kira matar sau ɗaya. Ta ce in tabbatar mata kafin jibi. Ban sake kira ba. Tsoron ruwa nake yi, wannan gaskiya ne, ni mutumin Damagaram ne, ko tafki ban taɓa shiga ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Na yi suɓutar baki a kan maganar a wurin mai shayi, inda muke zama bayan magariba, sai wani tsohon abokina ya kwashe da dariya.

"Direba, ashe bana 'yarka kifi za ta zama? Kai ma ka sayi gajeren wando ka bi su mana."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Da na koma gida na kasa cin abinci. Sai na tuna Badar ba ta da nisa da Yanbu, na sha kai alhazai ziyara can. Na ce wa kaina wannan ya fi alheri, yaran za su samu lada, ba kuma mai cewa komai. Ban gaya wa 'yata ba, ban gaya wa uwarta ba. Duk lokacin da 'yata ta tambaya sai in ce komai a shirye yake.

Ranar, suka sauko daga jirgi suna ta surutu, kowacce da jakar tawul. Abla, wadda ke kira na Ammu, wato baffa, ta tsaya a ƙofar mota ta ce, "Ammu, sun ce ƙarfe biyar za su ɗaga matakala. Wanda bai shiga ba, shi ya sani." Na ce in sha Allahu.

Da muka bar gari, teku ya koma bayanmu, sai surutun ya fara raguwa. 'Yata ta taso ta dafa kujerata.

"Baba, wannan ba hanyar bahar ba ce."

"Mai jirgin ta ce akwai iska yau," na ce. "Badar za mu."

Ta dube ni ta madubi. Ta leƙa waje, ko ganye ba ya motsi. Ta koma ta zauna kusa da ƙawarta. Abla ta ce ziyara abu ne mai kyau, amma mu gaggauta, ko yaran za su samu su jiƙa ƙafa a bakin ruwa kafin lokaci.

Ban gaggauta ba. Ina tsoron mu dawo da wuri su nemi bakin ruwan. Na tsayar da su a rana kusa da maƙabartar shahidai ina ba su tarihin da na haddace a bakin masu wa'azi, tawul ɗin wankansu a kansu saboda zafi. Bayan azahar na ce sai an ci abinci. Bayan abinci na ce tunda la'asar ta matso, a tsaya a yi ta a masallaci.

"Ammu, jirgi," in ji Abla.

"Abla, mota ɗaya cike da mutane, wa zai tafi ya bar su? Za su ƙirga su ga ba mu cika ba."

Haka na sani a aikina. Motar alhazai ba ta tashi sai kowa ya shiga. Na taɓa kashe injin a ƙofar masallacin Ƙuba ina jiran tsohuwa ɗaya da ta tsaya sayen dabino, ba wanda ya yi ƙorafi. Na ɗauka direban jirgi ma haka yake.

A hanyar komawa muka faɗa cikin jerin tankokin mai. Ba dama, ba hagu. Wayar Abla ta fara ruri, daga jirgi ake kira, tana ta roƙo da Larabci. Wata yarinya ta fara kuka saboda maganinta na asma yana ɗakinta a jirgi. 'Yata ta ce, "Yalla, Baba, yi sauri," sau ɗaya, a hankali. Ina duba agogo ina duba madubi, ina addu'ar da ni kaina na san ban cancanci a amsa ba.

Muna shiga titin tasha muka ji ƙahon jirgi. Da muka isa, an ɗauke matakala, akwai ruwa tsakaninsa da gaɓa. Mai gadi ya ce, "Halas, ya hajj," wato shi ke nan, alhaji. 'Yan matan suka jeru a jikin shinge suna kallo. Kayansu na ciki, da rigunan da suka ɗinka don walimar daren ƙarshe.

Ko a nan ban daina ba. Na nuna ruwan tashar mai maiƙon mai, na ce wa 'yata, "To ga tekun nan, ai kun gani." Ƙawarta ce ta riƙe mata hannu don kada ta amsa mini.

Na tuƙo su zuwa Jidda. Muka tsaya a wani kantin magani saboda mai asma. Babu jimawa bayan nan ƙawar ta tafi Cadi da iyayenta. 'Yata ba ta yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. Tana kawo mini abinci, tana gaishe ni, amma ta daina neman komai a wurina. Ko takalmi take so, uwarta take faɗa wa.

Sai da sanyi ya shigo na iya faɗa mata gaskiya. Ina kai ta wurin koyon aiki wata safiya, na biyo ta Kornish, na tsayar da mota, na kashe injin. Na ce ta kira ƙawarta ta buɗe murya, ina so ita ma ta ji. Da yarinyar ta ɗauka ta gaishe ni, na ce:

"Babu iska ran nan. Ban sake kiran matar ba. Tsoro na ji, na ruwa da na bakin mutane, kuma da gangan na ɓata lokaci a Badar. Alkawarinku ne na karya, ba zan iya mayar muku da ranar ba. Ku yafe mini, ku biyun."