Tukwanen da Na Kife wa Gara

Ni Bagobiri ne, amma a Yamai na tsufa. Na zo ina saurayi a bayan kamyon albasa, babbar motar kaya, na koyi tuƙi a wani gareji na unguwar Kalley, na ƙare ƙarfina a kan gudro, wato kwalta, tsakanin nan da bakin teku, har idona ya ce ya isa. Gidana yana Harobanda, ƙetaren kogi, kuma duk layinmu an san shi da abu guda: gara ba ta cin ƙofarsa. Duk sanda na juye man mota, nakan taho da baƙin man a bido, jarkar nan ta roba, in bi gindin katanga da shi, in tsiyaya a kusurwoyi, in shafe azara. Maƙwabta suna ta canjin ƙyaure, ni ina wucewa da hula a karkace.

'Yata ta fari ce ta kawo kifi gidan. Bayan rasuwar mijinta ta dawo wurina da 'ya'yanta, ta ce ba za ta zauna tana kallon hannuna ba. Ta sa aka gina mata kwami biyu na siminti a bayan ɗaki, ta zuba 'ya'yan tarwaɗa, tana ba su abincin buhu irin wanda ake shigowa da shi daga waje. Zubin farko da na biyu sun yi kyau. Da kuɗinsu yaran suka koma lekol, suka ci gaba da boko.

Zubi na uku ne ya faɗo a shekarar da hanya ta toshe, motocin kaya suka yi ta kwana a bakin iyaka. Abincin buhu ya ɓace daga kasuwa, kifinta kuwa ba su fi ɗan yatsa ba. Ta gwada dusa, suka shaƙa suka bari, ruwan ya yi tsami. Ita tarwaɗa in yunwa ta kama ta, ɗan'uwanta take haɗiya. Kullum da safe 'yata takan duƙa bakin kwami ta tarar sun ragu, wani lokaci ta ga babba yana iyo da wutsiyar ƙarami a bakinsa. Duk abin da ta mallaka yana cikin ruwan nan, kuma yana cinye kansa a gaban idonta.

Ba zama ta yi ba. A ƙungiyarsu ta mata an koya musu kiwon tsutsar wani baƙin ƙuda, dogo mai kama da zanzaro, wanda ba ya sauka a kan abincin mutane. Ta jera robobi a inuwa, ta zuba ruɓaɓɓen mangwaro da dusa.

"To ai ga magani," na ce mata.

"Sai ƙudan ya zo, Baba. Sai ya yi ƙwai, sai tsutsar ta yi ƙiba. Waɗannan ba za su jira ni ba."

Ina zaune a kan tabarma sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai. A ƙauyenmu ba wanda ya kai ta kiwon zabi, kuma 'yan tsakinta da gara take tashinsu. Takan sami tsohuwar tukunya, ta cusa busasshen kashin shanu da karan gero da tsumman buhu, ta yayyafa ruwa, ta kife ta a kan hanyar gara da la'asar. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi garar ta koma ƙasa, sai ta ɗago tukunyar cike. Rabona da tuna wannan tun kafin in riƙe sitiyari.

Na ce, "Bar mini su. Ke ji da ƙudanki."

Na tattaro fasassun tuluna, na haɗa su yadda tsohuwa take yi, na kife a gindin katangarmu. Da safe na ɗaga, ba ko ɗaya. Na canza kusurwa, na ƙara ruwa, haka. 'Yata tana wanke raga tana kallona ta wutsiyar ido.

"Baba," ta ce, "mutanen da ka yi shekara da shekaru kana kora, su ka aika wa goron gayyata?"

Na sa fartanya na tona wurin. Ƙasar baƙa ƙirin har ƙasa, warinta warin gareji. A nan na gane dalilin da lemun da marigayiya matata, uwar 'yar tawa, ta yi ta dasawa bai taɓa kamawa ba. Ta sha faɗa mini, ni kuwa na ɗora wa akuya. Allah ya ji ƙanta, ita ce da gaskiya. Na mayar da ƙasar na rufe, na ɗauki tuluna na nufi bakin kogi.

Akwai wani tsoho Bazabarme mai garka a can, wanda na daɗe ina sayen salati a wurinsa. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne tun kaka da kakanni, ba ya ganina ya ƙyale.

"Fofo, Bagobiri. Yau kuma me aka zo sata?"

"Roƙo na zo. Gara nake so."

Ya ajiye bokitin ban ruwa ya dube ni sama da ƙasa. "Na san yunwa tana kai ku ga fara. Ashe ta kai ku ga gara? Da gishiri kuke ci ko da yaji?"

"Kifin 'yata ne za su ci."

"To kwashe har kakarsu. Sun gama mini zogale. Amma aro ne, ka ji? Bazabarme ba ya ba bawansa kyauta."

Shi da kansa ya nuna mini hanyoyinsu, a gindin shinge da ƙarƙashin wani mataccen mangwaro. Na share ƙasa, na jiƙa, na kife tulunan, na ɗora musu ganye saboda rana.

Washegari daga masallaci can na wuce. Tun kafin in ɗaga na farko na kara kunne, na ji kamar ana ɗan yayyafi a ciki. Tulun ya yi nauyi, sun yaɓe bakinsa da jar ƙasa. Na ɗaure shi da tsumma, na ɗora a bayan keke, na turo har gida. Masu shayi na bakin gudro suna tambaya ko fura na koma sayarwa. Na wuce su, sauri nake.

A gida na zazzage a faifai. Na tsince masu jan kan nan, don tsohuwa takan ce su ne ke kama maƙogwaron ɗan tsako, kuma ban ga dalilin da zai sa su raga wa ɗan kifi ba. Sauran farare, masu taushi, na miƙa wa 'yata. Ta ɗebi tafi guda ta watsa. Ruwan ya yi shiru kamar ba kowa, sannan ya tafasa gaba ɗaya. Ta sake watsawa. Sai da faifan ya ƙare ta juyo.

"Gobe tulu nawa za ka iya?"

"Nawa kike da kifi?" na ce.

Haka muka yi ta yi. La'asar in kife, asuba in ɗago, ita kuma ta raba manya da ƙanana a kwami daban. Cin juna ya tsaya. Gwiwata ta kumbura, na ɗaure ta da rawani na ci gaba, har ranar da ta kira ni inuwa ta buɗe roba: tsutsa ta cika, tana motsi kamar shinkafa a tukunya. Daga nan ƙudanta ya karɓi aikin. Takan ba su ɗanya, wata ta shanya ta daka da dusa da ƙuli-ƙuli. Ko da abincin buhu ya dawo kasuwa, kaɗan take saye.

Ranar kwasa wata mai suyar kifi ta zo daga unguwar Boukoki da manyan robobi. Ta ɗaga ɗaya ta wutsiya, ta latsa cikinsa, ta tambayi abin da ake ba su. Na ɗauka 'yata za ta ɓoye. Sai ta ce, "Tsutsa da gara, Hajiya. Tsutsar tawa ce, garar ta Baba." Matar ta ce na kogi ma ai ba tuwo yake ci ba, a ɗora mata a sikeli.

Kafin a ɗora na zare mafi girma, na sa a bokiti, na tura keke zuwa garka.

"Ga aronka," na ce wa tsohon. "Gararka ce, ta yi gashin baki."

Ya leƙa bokitin ya daɗe. "Bagobiri ya mayar da aro. Lalle duniya ta zo ƙarshe." Ya ɗaga kifin yana auna shi a hannu. "Yaushe za ta sake zubi?"

"Bayan sati."

"To ka dawo da tulunanka. Sun koma wa zogalen."