Shuɗin Tantin Pak Deraman

Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin fito a tsibirin Semayan ya ga Pak Deraman, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai guduma a ƙugu, wanda ke kafa wa baƙi tanti a bakin teku. Zai gargaɗe su kada su bar abinci a ciki saboda birai, su ce to, su bari, birai su yaga tantin, shi kuma ya zauna ɗinki. Mutanen birni ke nan, kunnen ƙashi gare su, ga son a ce musu sannu.

A tsibirin aka haife shi, tun ana ƙauye na masunta, tun kafin gwamnatin jihar Terengganu ta mai da wurin gandun shaƙatawa ta kwashe mutane zuwa tsallake. Da aka nemi mai kafa tanti, shi ya fara miƙa hannu. Mutane suka ɗauka talauci ne, alhali matarsa ce ta dawo da shi.

Matar tasa, Mek Jarah, ta rasu da zazzaɓi suna matasa, a tsakiyar damina, lokacin da teku ba ta barin kowane jirgi ya ƙetara. Maƙabarta tana tsallake, tsibirin kuwa dutse ne in ban da rairayin baki. Nan aka binne ta, a gindin wata doguwar bishiyar bakin teku da ake kira ru, aka kafa katako don alamar kabarin. Katakon ya daɗe a tsaye, har ranar da wasu samari 'yan yawon buɗe ido suka tumɓuke shi suka gasa kifi da shi. Ba mugunta suka yi ba, ba su sani ba ne. Deraman ya tarar da toka a kan matarsa, ya kwashe da hannu.

Washegari ya kafa wani tsohon tanti shuɗi a wurin, ya zuge ƙofar. Sauran tantuna duk teku suke kallo, wannan kuwa alƙibla yake fuskanta. In baƙo ya ce shi yake so, sai Deraman ya ce, “Akwai mai shi.” Bai kuwa yi ƙarya ba.

Sudin, direban jirgin fiton, abokin wasansa ne tun suna tsirara, kuma bakinsa ba linzami.

“Ango, an share wa amarya ɗaki?” in ji shi kullum ya ɗaure jirgi.

“Kai da taka ke raye, ka taɓa share mata ko bakin ƙofa?”

“Tawa ai magana take mayarwa. Kai ka more, malam.”

Sai su zauna su raba ƙunshin shinkafa da kifi, su kora da baƙin kofi.

Matsalar ita ce teku. Kowace damina akan rufe tsibirin, a naɗe tantuna, kowa ya ƙetara, in an dawo a tarar ta ɗan gutsuri bakin gaɓa. A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya fara lasar saiwar bishiyar ru tun iskar damina ba ta taso ba. Deraman ya gani da idonsa.

Ya je wurin Cik Rosnani, jami'ar da ke kula da gandun, yarinya mai kirki da ke kiransa Pak Cik, wato Kawu, wadda ta san sirrin tantin ta kuma kau da kai.

“'Yata, so nake a tone ta a kai ta tsallake. Liman ya ce ya halatta tunda ruwa zai ci.”

“Pak Cik, in da a hannuna yake, yau ma sai mu ɗauko shebur. Amma tono a gandu sai da izinin manya, ga 'yan sanda, ga likita. Zan kira su.”

Ta kira, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Aka ce za a duba bayan damina.

“To ki bar ni in zauna,” in ji shi. “Ni kaɗai, da buhun shinkafa. In ruwa ya ja yashi in mayar.”

“Ba jirgi, ba magani, in ka faɗi wa zai ɗaga ka? Ka yi mini rai, Pak Cik, ba zan iya ba.”

Ya so ya ji haushinta, ya rasa ta inda zai kama, don gaskiya ta faɗa. Ranar rufewa ita da kanta ta naɗe hannun riga, ta taya shi cika buhuna da yashi, Sudin yana jido su yana mita wai an mai da shi jaki. Suka jera su kewaye da kabarin. Daga nan Deraman ya cire turakun shuɗin tantin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe shi, ya zuba ruwan fure a kan kabarin bisa al'adarsu, ya yi addu'a. Sai da Sudin ya busa ƙaho har ya gaji sannan ya shiga jirgi.

Daminar ta yi muni. Deraman yana gidan ɗan ƙanwarsa a tsallake, amma wuni yake yi a tashar jirgi a ƙarƙashin rumfar kwano, yana kallon inda tsibirin yake, ko da yake ruwan sama ya rufe shi ruf. Duk igiyar ruwan da ta daki gaɓa a gabansa, ya san 'yar'uwarta tana can tana dukan buhunansa. Ba abin da ya fi cin rai kamar mutum ya san abin da ke faruwa, hannunsa biyu lafiya lau, amma sai dai ya ɗora su a gwiwa. Ya rame har guduma ta yi masa nauyi.

Da iska ta kwanta, shi ne na farko a jirgi, tantin a rungume. A hanya Cik Rosnani ta matso kusa da shi fuskarta a sake.

“Albishirinka, Pak Cik. Sun yarda. Mako mai zuwa za su turo mutane, kai dai ka nuna musu wurin kawai.”

Ya yi hamdala. Sudin ya leƙo ya ce ashe amarya za ta tare a birni.

Tun daga nesa Sudin ya rage wa jirgi wuta. Babu bishiyar ru. Ba faɗuwa ta yi a ga gangar jikinta ba, babu ita ne gaba ɗaya, har kututture. Babu buhu ko ɗaya. Teku ta ci gaɓar, ta kuma dawo ta shimfiɗa sabon rairayi fari tas, sumul daga wannan dutse zuwa wancan, irin wanda baƙi ke so su ɗauki hoto a kai.

Deraman ya sauka. Ya nufi inda ƙafarsa ta saba, ya tsaya, ya waiga neman bishiyar da yake awo da ita. Ya matsa hagu, ya dawo. Ya ajiye tantin, ya sake ɗauka. Wataƙila Mek Jarah tana nan ƙarƙashin sabon yashin, wataƙila wurin ma yanzu yana cikin ruwa, wataƙila teku ta tafi da ita tun a farkon damina yana can yana gadin rumfar kwano.

Cik Rosnani ta biyo shi a hankali.

“Ina za mu kafa, Pak Cik?”

Deraman ya dubi rairayin. Shekara da shekaru yana hana mutane taka ta, yau ga shi bai san ko a kanta yake tsaye ba.

“Ban sani ba, 'yata,” in ji shi.

Sai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya riƙe su a hannu ɗaya, tantin a ɗayan, ya kasa ɗaga ƙafa.