Tsohon da Halidu Ya Ji a Faifai

Shekara arba'in Halidu ya yi yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Dakoro, kuma duk tsawonsu bai taɓa yarda cewa akwai wanda ya fi shi kunne ba. Ko sifika ce ta yi tari a wancan layin, zai gaya maka ciwonta yana kurɓar shayi. Saboda kunnen nan ne gidan rediyon gari ya ba shi fili duk Laraba, yana yanke wa sababbin waƙoƙi hukunci. Ba ya da gona mai yawa, ba ya da garke. Sunan nan shi ne dukiyarsa.

Shi kaɗai ke da garmaho a garin, gadon mahaifinsa. Don haka da aka aiko da wani ɗan ƙaramin faifai daga Faransa, wurinsa aka nufa. Guda ɗari uku rak aka buga. Gefe ɗaya na makaɗan Birnin Lalle ne, ɗayan na 'yan Azagor, dukansu masu gitar lantarkin nan mai ruri da ke sa awaki tsinke igiya.

Halidu ya ɗora faifan kamar yadda ya saba ɗora manyan fayafayan mahaifinsa, bai taɓa maɓallin gudu ba. Ran Laraba ya shiga rediyo da babbar rigarsa. Na Birnin Lalle, in ji shi, sun yi nauyi kamar jakin da ya sha kaya. Na Azagor kuwa ya yaba musu, sai dai mawaƙinsu tsoho ne tukuf, makiyayi mai kiran raƙuma a bakin rijiya, ya kamata a bar shi ya huta.

Ran kasuwa wata budurwa ta tsaya a ƙofar rumfarsa, gitar a kafaɗa, masu kallo na biye da ita. Habi ke nan, mawaƙiyar Azagor.

"Baba, ni ce tsohon da kac ce shi huta."

Dariya ta ɓarke har dillalan shanu suka leƙo. Ta nuna masa maɓallin: ƙaramin faifai da sauri ake juya shi, shi kuwa ya ja shi a hankali. Kunya ta rufe Halidu, ya ga shekara arba'in za ta rushe a hantsi guda.

"Sa min in ji abin da kaj ji," in ji ta, tana dariya.

Ya ɗora allura a kan faifan. Gitar ta yi gurnani, sai ga wata murya mai kauri ta fito, a gajiye, tana jan kalmomi. Dariyar Habi ta tsaya. Ta sauke gitar, ta zauna a kan benci.

"Muryar babana ce," ta ce. "Haka shika kiran raƙumanmu a rijiya. Shekara shidda da rasuwa tai, ba mu da ko kaset guda."

Halidu ya gyara hularsa, ya dubi dillalan ɗaya bayan ɗaya, don shi ba mai barin nasara ta wuce a ɓoye ba ne. Sannan ya miƙa hannu zai gyara maɓallin.

Habi ta riƙe masa hannu.

"Bar shi hakanan, Baba. Maido shi daga farko."