Tayoyin Hanyar Gidan Inna

Lokacin da aka mayar da ni aiki Bebeji ƙaramar mota nake hawa, kuma da rani ba ta taɓa ba ni kunya ba. Damina ce ba ma shiri da ita. Inna, mahaifiyata, tana ƙauyenmu can gaba da Doguwa, ta kuma ce ba za ta bar ɗakinta ta dawo wurina ba. Daga Bebeji zuwa Tudun Wada har a ratsa dajin Falgore duk kwalta ce. Amma da ka sauka daga titi ka kama hanyar ƙauyen, sai jar ƙasa da ramuka, ga wani rafi da babu gada a kansa. Sau da yawa a bakin titi nake barin motar wurin wani mai shayi, in hau acaɓa, in isa gida da taɓo har gwiwa.

Da na yanke shawarar sayen jif ta hannu, sai na biya Tiga na ɗauki yayana muka tafi Kano. Noman rani yake yi a can, kullum cikin injin ban ruwa yake, saboda haka ya fi ni sanin ƙarfe. A wurin dillalin muka tarar da guda biyu, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya. Ɗaya fara, irin wadda aka saba gani a titi. Ɗayar baƙa ce, ta fi 'yar'uwarta tsayi sosai.

"Alhaji, wannan haka ta fito daga kamfani," in ji dillalin yana dafa baƙar. "Su suka ɗaga ta, suka sa mata manyan tayoyi. Ga farantin ƙarfe a ƙasa don kada dutse ya fasa mata ciki. Akwai wani maɓalli, in ka danna shi ƙafafun baya sai su riƙa juyawa tare, ko a cikin laka."

Yaya ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta. Da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, sai ya ce, "Wannan ce motar hanyarmu. Abin da masu ita suka haɗa da hannunsu ba ɗaya yake da abin da za a je a liƙa maka daga baya ba."

Muka zaga da kowacce. Baƙar sai da na tattare riga na kama ƙarfe kafin na hau. A kan kwalta tayoyinta gurnani suke, duk ramin da ta faɗa kuma sai na ji shi a ƙuguna. Farar kuwa shiru, ga laushi. Amma tayoyinta sumul suke, na san ba za su yi komai a jar ƙasarmu ba. Ranar ban sayi ko ɗaya ba.

Da na koma gida na ba matata labari, tana tankaɗe tana saurare. Sai ta ce, "Malam, ƙauyen nan jefi-jefi kake zuwa, sauran kwanakin duk a kwalta kake. Sannan Inna da wannan ciwon gwiwar, ta yaya za ta hau motar da kai ma sai da ka yi dabara?"

Ban yi wannan tunanin ba, ni da Yaya duka hankalinmu na kan rafin. Washegari na je Tudun Wada wurin wani bakanike da muka yi firamare tare, na tambaye shi ko canza wa farar tayoyi zai wadatar. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tayoyi masu haƙora za su kama ƙasa, za su fitar da ni daga santsi, amma ba za su ɗaga cikin motar ba. Ya kuma ja kunnena kada in sa waɗanda suka fi ramin ƙafarta girma, don za su riƙa gogar jikinta in na karya kwana.

Farar na saya. Ya zaɓo mini tayoyi masu matsakaitan haƙora, har da safaya. Yaya da ya gan ta sai ya ce, "Allah ya sanya alheri," amma na san muryarsa, bai gamsu ba.

Farkon daminar lafiya lau. Inda a da nake ajiye mota, yanzu sai in ɗaga wa mai shayin hannu in wuce. Ran da na fara tsayawa a ƙofar gida Inna ta fito ta zaga motar, ta buɗe ƙofa ta zauna da kanta ba wanda ya tallafe ta, ta ce kujerar ta fi gadonta daɗi.

Cikin watan Agusta na kai ta asibiti a duba gwiwar. Kafin mu dawo an yi ruwa a kan duwatsu, rafin ya kawo. Muka yi la'asar a bakinsa, muka jira ya ja baya, sannan na shiga a hankali. Muna tsakiya cikin motar ya zauna a kan tulin yashin da ruwa ya tara. Tayoyin suna juyawa, ba abin da suke kamawa. Na kashe motar na juyo zan ba Inna haƙuri, sai na ga tana jan carbinta tana kallon ruwan.

"Ai ba mu jiƙe ba," in ji ta. "Mutane za su zo."

Suka kuwa zo. Masu dawowa daga gona suka ajiye fartanyoyinsu, wasu suka haƙe yashin, wani makiyayi ya kawo bijimai biyu aka ɗaura igiya. Kafin rana ta faɗi muna ƙetare.

Da na kira Yaya na gaya masa, ya daɗe yana dariya. "Da baƙar ce da ta wuce."

"Da ta wuce," na ce, "amma da sai an ɗauko wa Inna turmi ta taka kafin ta hau."

Ya ce, "Wannan kuma gaskiya ne."

Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo da kansa. Ya je ya gaida mai unguwa, aka yi gayya, amalanken shanu suka yi ta kawo duwatsu muna jerawa a mashigar rafin. Matan gidanmu suka dama kunu aka kawo bakin ruwa. Duwatsun sun kai mu ƙarshen damina, da shekara ta zagayo kuma ruwa ya tafi da rabinsu muka sake zubawa. Yanzu abin ya zama na kowace shekara, har 'yan acaɓa da masu kai amfanin gona kasuwar Doguwa su ke fara tuna mana in lokaci ya yi.