Kiyari ya tafi, Bukar yana neman bin sa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin aji a lakwal aka kira ni: an kashe aminina Sarjan Kiyari wajen Diffa. Kwanton ɓauna aka yi musu.

Can aka rufe shi. Ko fuskarsa ba mu gani ba.

Kiyari bai taɓa dawowa parmisiyo, wato hutun soja, hannu rabbana ba. Tattasai da bandar kifi sai ya aiko har gidana, ya ce a ba Mushe ya ci ko ya rage surutu. Haka yake kirana, don ni malamin lakwal ne. Ranar da naƙuda ta kama matata ina can garin Dakusa, shi ya kai ta likita, ya zauna har aka sauka.

Ni mutum ne mai gardama, kun sani. Haɗuwarmu ta ƙarshe a fadarmu ta hira a unguwar Birni, ana shan shayi, na dage cewa duk yaƙi asara ne, babu na kirki. Ya bar ni na gama, sannan ya ba ni labarin wani ƙauye da aka bi manoma har gona aka yanka. Ya tambaye ni wa zai tare, in kowa ya zauna shan shayi. Na ɓige da cewa sukari ya yi yawa.

Sai ya ce: "Mushe, tsare mutane na je yi. Ranar da na ji daɗin harbi, ranar zan tuɓe kaki."

Bai shiga soja ba sai da Ya Fanna, mahaifiyarsa, ta yarda, don ya ce ba a fita yaƙi ba da izinin uwa ba. Ya daɗe yana jira kafin ta sa masa albarka.

Yanzu na fito daga gidansu, kuma wallahi hankalina a tashe yake. Bukar, ƙanensa mai ɗinki, ya durƙusa gaban tsohuwar a cikin masu gaisuwa, yana roƙon ta ba shi izini shi ma. Bai ambaci tsare kowa ba. Jini yake so a madadin jini. Ya rantse ba zai tashi ba sai ta amsa.

Ni ta kamo wa hannu ta ce: "Ɗana, su biyu na haifa. Ka riƙe mini wannan."

Da me zan riƙe shi? Na faɗa masa maganar yayansa, ya dube ni ya ce mai maganar yana cikin ƙasa.

Ya Allah ka jiƙan Kiyari, ka karɓi shahadarsa, ka haskaka kabarin da ba mu san inda yake ba.

Jama'a, don Allah ku sa shi a addu'a. Ku ƙara da Bukar, Allah ya sanyaya zuciyarsa kafin tsohuwar nan ta gaji ta ce masa je ka.