Marayun Gonar Baba

Idan na ji ana cewa mutanen ƙauye ba sa taimakon ɗalibi, dariyar takaici nake yi. Ni taimako ne ya ɓata min aiki, kuma daga hannun mutumin da ya fi kowa so na.

Ina aji uku a jami'a, ina karanta ilimin ƙasar noma, sashenmu ya ware 'yan ɗalibai waɗanda sakamakonsu ya fi kyau, aka ce kowa zai yi bincike na kansa a daminar shekarar. Ba irin wanda ake kwafowa daga tsofaffin furojet na laburare ba, gwaji na gaske, da shuka da awo. Wanda aikinsa ya yi kyau, malamin da ke jagorantar shirin zai ɗauke shi ɗakin gwaje-gwajensa har ya gama digiri, kuma kowa ya san daga ɗakin nan ake samun hanyar digiri na biyu. Ni ba ni da kawu a ma'aikata, ba ni da wanda zai ɗaga waya domina. Ƙofar nan kaɗai na gani a buɗe, na kuwa sa rai a kanta fiye da yadda na nuna wa kowa.

Gonar jami'a ba ta ishe mu ba. Da malam ya tambayi masu gona a gida, ni na fara ɗaga hannu, har ina tausayin 'yan birni da za su yi cunkuso a ɗan fili bayan tsangaya. Ƙauyenmu yana gaba da Ɗanbatta kaɗan, wurin da babu daji ko na misali. Gona tana ƙarewa wata ta fara, layin gamba ne kawai tsakaninsu. Ba a barin saura a wajenmu, don babu filin da za a bari. Kowace shekara ƙasa ɗaya ake nomawa, abin da ya riƙe ta kuwa taki ne, wanda ake tarawa daga turken awaki da tokar murhu da sharar gida, a kwashe shi a mangala kafin ruwa ya sauka. Mutum ana gane shi da gonarsa kafin a gane shi da rigarsa.

Baba bai yi min gardama ba. Uwata yake ce min, saboda sunan mahaifiyarsa na ci, kuma abin da na roƙa da wuya ya hana. Ya yanka min gefen gonarsa ta bakin hanya, wadda duk mai zuwa masallacin Juma'a ko kasuwa sai ya bi ta gabanta. A lokacin murna na yi, na ce ga sauƙin zuwa.

Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Gero ne iri ɗaya, na raba filin fegi-fegi da turaku da igiya. Wasu na sa musu takin gida, wasu ɗan takin zamani cikin marfin kwalba a gindin kowace shuka, wasu kuma ba a sa musu komai. Waɗannan na ƙarshe su muke kira kwantirol a makaranta, kuma su ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, domin da su ake auna sauran. In babu fegin da aka bari haka nan, ba yadda za ka ce taki ya ƙara kaza. Na zaunar da Baba a gindin ɗorawa na yi masa bayanin nan dalla-dalla, na maimaita, na kama hannunsa na nuna masa turakun da na ɗaura wa jan ƙyalle. Na ce a yi musu noma kamar kowa, amma ko tokar murhu kada ta taɓa su. Ya ce ya ji, Allah ya ba da sa'a.

Inna ce ta raɗa musu suna. Ranar da ta kawo mana fura gona ta ga jajayen ƙyallayen, na yi mata bayani, sai ta riƙe haɓa ta ce ashe marayu ne, 'yan'uwansu na ci suna kallo. Muka yi dariya har da ni. Kafin mako ya zagayo duk gidan marayu ake cewa, daga nan sunan ya fita waje. Ban ga komai a ciki ba sai barkwanci.

Bayan noman firi bambanci ya fito fili. Masu taki suka yi duhu suka miƙe, marayu suka tsaya gajeru, ganyensu ɗorawa-ɗorawa. Da yake a warwatse na jera su, gonar ta koma kamar kan yaro mai makero. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, ina auna tsayi ina ɗaukar hoto ina tura wa malam, shi ma yana cewa aiki ya yi kyau. Na dai lura Baba ya rage tsayawa a wurin, in ya zo wucewa sai ya kawar da kai. Sau ɗaya ya tambaye ni ko ba a ga abin da ake son gani ba tukuna. Na ce sai an yanka an auna hatsi. Ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Jarrabawa ta mayar da ni makaranta. Duk waya sai na tambayi gona, amsar ɗaya ce, lafiya ƙalau, sai godiya. Da na gama na shiga motar Ɗanbatta, ban ko biya gida ba, na sa mai babur ya sauke ni a bakin gonar da jakata.

Da farko na zaci na ɓata hanya. Gero ya tashi bai ɗaya, kore shar daga wannan gefe zuwa wancan, babu gajere babu dogo in ba ka ƙura ido ba. Na kutsa ciki ina neman jajayen ƙyallayena, na same su inda na bar su. Na durƙusa a gindin shuka na tona da yatsa, sai ga kashin awaki da toka, an rufe su da ƙasa tsaf, aikin wanda ya iya. Na bi marayun ɗaya bayan ɗaya ina addu'ar a ce an manta da ko guda. Baba ba ya aiki rabi da rabi, ko ɗaya bai tsallake ba.

Na same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Baba, wa ya zuba wa fegina taki?"

"Ni ne, Uwata. Zauna."

Ban zauna ba, a tsaye na ji labarin. Ya ce tun da na tafi ba ranar da wani bai tare shi ba. Wannan ya tambaye shi ko jiki ne ba daɗi, wancan ya ce ko takin ne bai kai ba bana. Yana cewa gwajin makaranta ne, suna cewa to, da irin to ɗin da ya sani. Sai wata Juma'a wani dattijo da muke iyaka da shi ya koro jakinsa da mangala cike da taki, ya juye a bakin gonar a gaban masu dawowa daga masallaci, ya ce a ba marayun nan, in abu ya yi wa mutum nauyi ai maƙwabci ake gaya wa.

"Tun ina saurayi nake noma gonar nan," in ji Baba, "ba a taɓa kawo min sadakar taki ba sai bana. In mayar masa, na ci mutuncinsa. In bar shi a tsibe, kowa ya wuce ya gani. Kuma gwajin me za a yi, a ga ko gero zai rame in an hana shi abinci? Wannan ai kowa ya sani."

Na ce sanin zai rame daban, sanin da nawa zai rame daban, kuma wannan na biyun shi aka aiko ni in auno. Na faɗa da kuka, na san kuma maganar ba ta shiga ba. Haushi ya cika ni har wuya, ga shi babu inda zan sauke shi. Da akuya ce ta yi ɓarna da na jefe ta, da maƙiyi ne da na kai ƙara wurin mai unguwa. To wa zan kai ƙara, dattijon da ya yi alheri, ko uban da ya ƙi a yi masa kallon wanda ya gaza? Har yau ina ganin ni ce da gaskiya, kuma har yau ban ga amfanin da gaskiyar ta yi min ba.

Duk da haka ban saki ba. Da gero ya nuna na yanke kowane fegi daban, na sussuka, na auna, ina fatan tazarar farko ta bar wata alama da za a iya kamawa. Alamar ba ta taka kara ta karya ba. Wata ƙawata ta ce in cike gurbin da lambobin da suka dace, wa zai je ƙauyenmu ya tona ƙasa? Na ƙi, ba kuma zan ce ban yi tunanin abin ba.

Malam ya saurare ni har ƙarshe, bai yi faɗa ba, har ya ɗan murmusa da na zo kan jakin. Ya ce labari ne mai kyau, amma ba sakamako ba ne. Babu kwantirol, babu abin kwatantawa. Na roƙe shi in sake. Ya tuna min damina sau ɗaya take zuwa a shekara, kafin ta dawo ina rubuta jarrabawar fita, gurbin ɗakin gwaji kuma yanzu za a cike shi. Wani ɗan ajinmu aka ba, wanda ya yi nasa a ɗan filin bayan tsangaya, inda akwai waya da maigadi, kuma babu wanda ya san uban kowa.

Ina saukowa daga benen ofishin wayata ta yi ƙara. Baba ne, muryarsa wasai, irin ta mai neman a shirya. Ya ce an gama ɗaure damma, gefen da na yi aiki ya fi ko'ina albarka a gonar, har mutane na tambaya ko baɗi zan yi musu irinsa.

"Ki gaya wa malaminku binciken ya yi kyau, Uwata, ko zangarniya ɗaya ba ta lalace ba. Baɗi in Allah ya kai mu, gonar duka taki ce."

Na jingina da bango ina kallon 'yan ajinmu suna wucewa. Na ce to Baba, Allah ya kai mu, zan gaya masa.